Ku auna saƙo kafin sabar fayil ta haɗiye shi

'Yan uwa masu kula da sabar fayil (kwamfutar da ke adana fayiloli tana raba wa sauran kwamfutoci) a ofisoshi da makarantun Kaduna, musamman masu rubuta manhaja da harshen kwamfuta na C: duk tsawon da saƙo ya ce yana da shi, kada ku yarda sai kun auna da kanku. Ko sunan fayil ne, idan ya fi gurbin da aka ware masa a ƙwaƙwalwar kwamfuta, zai malala kan na kusa, kuma ta nan maharan ke cusa umarninsu.

Don Allah ku rabu da strcpy da sprintf, umarnin C masu zuba rubutu a gurbi ba tare da duba girmansa ba, ku koma snprintf mai tsayawa a iyakar da aka ba ta, ku riƙa duba lambar da ta dawo da ita don ku san ko rubutun ya fi gurbin. Irin wannan ɓaraka a SMBv1, tsohon tsarin raba fayil tsakanin kwamfutoci, ita ce WannaCry, muguwar manhaja mai kulle fayiloli don neman fansa, ta bi a 2017. Ku kashe SMBv1, ku sabunta Samba, manhajar raba fayil ta wannan tsari, tashar 445 da tsarin ke amfani da ita kuma kada ta leƙa intanet.