Kurakuran da ke hana mutum dawo da izinin zamansa na dindindin bayan doguwar tafiya gida

A Tawa da Yamai akwai mutane da yawa da suka yi shekaru a New York ko Greensboro, suka samu katin zama na dindindin na Amurka, wanda ake kira girin kad, sannan jinyar mahaifi, ko rabon gado, ko ginin gida ya dawo da su Nijar, zaman wata uku ya zarce ya zama na shekara biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne dogaro da ranar da ke rubuce a jikin katin. Katin na shekara 10 ne, amma dokar Amurka ba ta ba shi ikon shigar da mai shi ƙasar ba idan ya cika shekara guda a waje, ko da wa'adinsa bai ƙare ba. Tun daga kwana 180 ma, jami'in filin jirgi yana iya tsananta tambaya.

Maganin wannan tun kafin tashi ake yin sa. Wanda ya san zai daɗe ya nemi izinin sake shiga ta takardar I-131, wanda ke aiki har shekara 2. Sharaɗinsa shi ne mutum ya shigar da buƙatar yana cikin Amurka, kuma a can ake ɗaukar zanen yatsunsa. Ba a neman sa daga Yamai, ba a kuma aika ɗan'uwa ya nema a madadin wanda ya riga ya tafi.

Wasu kuma suna leƙa Amurka na mako biyu kowace shekara da zaton sun raya katin. Abin da hukuma ke dubawa shi ne inda mutum yake zaune a zahiri: ina aikinsa, ina iyalinsa, ina yake biyan haya da haraji. Wanda ya daina cika takardun harajin Amurka, ko ya cika su a matsayin wanda ba mazaunin ƙasar ba, ya ba da shaida a kan kansa da hannunsa.

Idan shekarar ta riga ta wuce, hanyar da ta rage ita ce bizar mazaunin da ke komawa, wato SB-1, wadda ake nema a ofishin jakadancin Amurka da takardar DS-117, aƙalla wata 3 kafin ranar tafiya. A nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa, domin suna zuwa da bayanin baki kawai. Jami'in yana son ya ga abu biyu a rubuce: cewa mutum ya bar Amurka da niyyar komawa, kuma abin da ya tsare shi ya fi ƙarfinsa. Faɗar cewa tsohuwa ba ta da lafiya gaskiya ce da kowane Bahaushe zai fahimta, amma ba ta isa ba sai an haɗa da takardun likita masu kwanan wata, da rasit na asibiti, da takardar rasuwa idan an yi rashi, da tikitin dawowa da aka saya ba a yi amfani da shi ba, da shaidar asusun banki da haraji. A ganina wannan ne wurin da ya fi cutar da mu, saboda yawancin jinyarmu a gida ake yin ta, kuma ba mu saba ajiye takarda ba. Wanda ya zauna don kasuwanci ko don ya ƙarasa gini, da wuya a karɓi uzurinsa, tun da zaɓinsa ne. Idan an amince, sai kuma a bi sauran matakan bizar ƙaura, har da gwajin lafiya da biyan kuɗi. Idan an ƙi, sai dangi ko wanda ya ɗauki mutum aiki su sake shigar da sabuwar buƙata tun daga farko, abin da ya fi tsanani ga wanda ya samu katinsa ta ƙuri'ar biza, wato lotare.

Akwai kuma takardar I-407, wadda jami'i kan miƙa wa matafiyi a filin jirgi. Sa hannu a kanta na nufin mutum ya ajiye izinin zamansa da yardarsa. Ba dole ba ne ya sa hannu, yana da damar neman a kai batun gaban alƙalin shige da fice, wanda shi ne ke yanke hukunci. Gajiya da tsoro da rashin jin Turanci sun sa mutane sa hannu a kan abin da ba su karanta ba, don haka a nemi tafinta kuma a tuntuɓi lauya.

Kada a ɗauki dokar wata ƙasa a auna wata da ita. Katin zama na shekara 10 na Faransa yana faɗuwa bayan shekara 3 a jere a waje, sai dai idan an nemi ƙarin lokaci, kuma tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a watan Janairun 2024, lamarin takardu ya ƙara wuya. Kanada tana buƙatar mutum ya zauna a ƙasar kwana 730 cikin kowace shekara 5, Ingila kuma tana soke izinin bayan shekara 2 a waje. Kafin a ba wani dillali kuɗi, a karanta ƙa'idar ƙasar a shafinta na hukuma, domin dokokin biza ga ƴan Nijar suna canzawa.