Yadda za ka gane wa zai raba babbar lamba ba tare da kalkuleta ba

Ɗan uwa, a ce kun kai riɗi kasuwar Maigatari ranar Alhamis an ƙirgo muku naira 138,600, ga waya ba caji, kuma kuna so ku san ko kuɗin zai rabu daidai ba ɓuntu. Ba sai ka yi dogon lissafi ba, lambar da kanta za ta gaya maka.

Fara da wutsiya. Ta ƙare da sifili, to shafa'i ce ba wutiri ba, 2 da 5 da 10 duk sun shige. Na 8 kuwa lambobi ukun ƙarshe kawai za ka kalla, 600, takwas sau 75 ke nan, shi ma ya wuce. Sai ka tara ƙwayoyin, 1 da 3 da 8 da 6 sun ba da 18, tunda 9 ta raba 18 to ta raba uwar lambar, 3 ma haka. Kuma duk abin da 8 da 3 suka raba 24 ta raba shi, masu rabon gado sun san darajar 24 ɗin nan, kowane kaso 5,775.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta 7, don yara da yawa a nan suke cijewa. Tsaga lambar gida biyu, 138 da 600, ka ɗebe ƙarami daga babba, saura 462. Duk wanda ya raba 462 cikin 7 da 11 da 13 to ya raba babbar, dalili kuwa 7 sau 11 sau 13 shi ne 1001. Bakwai ta shiga sau 66, sha ɗaya sau 42, sha uku ce kawai ta ƙi.

Yanzu ka sussuke ta kamar gero har sai tsaba ta rage, wato lambobin da ba mai raba su sai 1 da su kansu, waɗanda ake cewa firam: 2 guda uku, 3 guda biyu, 5 guda biyu, 7 guda ɗaya, 11 guda ɗaya. Ƙara ɗaya a kan kowane adadi ka ninka, 4×3×3×2×2, ka ga lambobi 144 ne ke raba ta. Wallahi ba ƙaramar mai haƙuri ba ce.

Ajinta fa? Masana suna tara masu raba lamba ban da ita kanta, in jimla ta zo daidai da lambar, kamar a 6 da 28 da 496, sai a ce cikakkiya, in ta gaza a ce mai gibi, in ta haura a ce mai yalwa. Tamu rabinta da sulusinta da rubu'inta kaɗai sun kai 150,150, ta haura tun ba a je ko'ina ba.

Da dillali zai ƙaro naira ɗaya ta koma 138,601, to 2, 3, 5, 7 da 11 duk sun faɗi, kowa zai bar ragowar 1. In kana son sanin ko firam ce sai ka bi sauran firam ɗaya bayan ɗaya, amma ka tsaya a 367, don 373 sau 373 ya riga ya wuce ta.