Yadda zaka ware irin shuka tun a gona kafin a kai rumbu

Yawancinmu nan Marwa ta Kamaru da kauyukan kewaye sai damina ta karato mutum zai debi dawa a rumbu ko ya sayo kwano biyu a kasuwa yace ga iri, wlh nan ake fara asara. Iri a tsaye ake zabarsa, kana ganin karan da idonka.

Ka shiga gonar masakwa, dawar da ake dasawa bayan damina a karal, wato kasar laka mai rike ruwa, ka duba da kyau, duk rana daya akayi dashe amma wani kara ya fi tsawo, wani ya riga nuna, wani zangarniyarsa ta lankwasa wuya, wani kuma burtuntuna ta cinye shi. Wani bambancin na kasa ne da ruwa, wani kuwa gado ne, yana cikin kwayoyin halittar tsiron kuma shi kadai ne zai bi 'ya'ya. Shiyasa kar ka rudu da katon karan dake bakin gona ko inda shanu suka kwana, wannan taki ya ci ba jini ne mai kyau ba. Shiga tsakiya inda kowa ke fama daidai, wanda yayi fice a nan shi ne naka.

Tun kafin girbi ka daura tsumma a karan da suka riga nuna, da wadanda wuta-wuta bata kayar ba alhali makwabtansu sun kwanta. Ranar yanka ka fara da su, daminsu daban.

To ga inda nake sabawa da mutane, kar ka dauki iri daga zangarniya uku ko hudu don sun fi kyau. Debi da yawa, ko hamsin ne, ka hada mai saurin nuna da mai dan jinkiri, farar dawa da ja. Shekara bata da tabbas ai, idan ruwa ya dauke da wuri irin na farin 1984 mai gaggawa ne zai tsira, idan kuma tsuntsayen janbaki suka sauko fara mai zaki suke fara wa, ja mai bauri su bar maka. Babu irin da ya fi a ko'ina, wanda ya dace da wuri da shekara shi ke barin 'ya'ya da yawa, abinda masanin halittu Charles Darwin ya rubuta kenan tun 1859, kakanninmu kuma suna yi da hannu basu san sunansa ba. Ko irin dawar nan S35 da masu bincike suka yada a Kamaru da Chadi saurin nunarta ne ya sa aka karbe ta, amma tsuntsu na sonta sosai.

Gero kuma sai ka kula, iska ce ke daukar bununinsa daga gona zuwa gona, to idan makwabcinka ya shuka wani iri kar ka zaba daga kan iyaka. Dawa galibi ita ke barbarar kanta, bata cika gauraya haka ba.

Ka shanya sosai har kwaya ta rika karyewa a hakori, ka rataye zangarniyar a madafa hayaki na bugunta ko ka sussuke ka cakuda da toka a tulu ka toshe baki. Kuma ka gaya wa uwargida tulun nan ba na tuwo bane, ni bara saida na sake neman iri wajen kawu.