Yadda Za Ka Zagaya Gandun Dajin Kruger da Kanka

Gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu, wanda aka kafa a shekarar 1926, yana cikin wuraren da baƙo zai iya zagayawa da motar haya ba tare da ɗan jagora ba. Tun kafin ka tashi, ka kama masauki a ɗaya daga cikin sansanonin dajin ta shafin hukumar SANParks, wadda ke kula da gandayen dajin ƙasar, kuma ka nemi shawarar likita kan rigakafin zazzaɓin cizon sauro.

Daga Mayu zuwa Satumba ne ya fi dacewa, domin ciyawa ta bushe, namun daji kuma suna taruwa a bakin ruwa. Ka tuna cewa a hannun hagu ake tuƙi, kuma gudu ba ya wuce kilomita 50 a awa a kan kwalta, 40 a kan burji. Kada ka fita daga mota sai inda aka amince. Idan giwa ta tare hanya tana kaɗa kunnuwa, musamman mai ɗa, ka ja da baya a hankali ka ba ta fili, domin hon sai ya ƙara harzuƙa ta. Ka koma sansani kafin a rufe ƙofa da almuru, saboda ana cin tarar wanda ya makara.