Yadda Ake Cire Tsatsa Daga Ƙarafan Tsohon Injin Wasa

Wanda ya yi sa'ar samun tsohon injin wasa, irin wanda ake jefa wa sulalla kafin ya fara aiki, ko a kasuwar gwanjo ta Sawarikh da ke kudancin Jidda ko a wani sito da aka manta da shi, abin da zai fara cin karo da shi shi ne tsatsa. Cikin wasannin bidiyon da ake bugawa a irin waɗannan injuna, Pac-Man na kamfanin Namco ya fito ne a 1980, Street Fighter II na Capcom kuma a 1991, saboda haka ƙarafan sun kwana biyu, ga kuma iskar Bahar Maliya mai laima da gishiri wadda ba ta raga wa ƙarfe.

Kafin a taɓa komai a zare filogi, sannan a yi nesa da bayan tsohon allon nan mai ƙeya, domin yana riƙe wutar da ta kai dubban bolt ko da an daɗe da kashe shi; wannan ɓangare na mai gyaran talabijin ne. A ɗauki hoton kowane sashe da waya kafin a kwance shi, a zuba notuna da sukurori a leda daban-daban. Notin da ya cije kada a yi masa ƙarfi, a fesa masa man sassauta tsatsa na WD-40 a bar shi ya kwana.

Bayan an kwance, a gwada kowane ƙarfe da maganaɗisu. Wanda bai kama ba, galibi alminiyam ne ko tagulla, kuma ba a jiƙa shi. Haka nan sifirin da na'urar tantance sulalla da duk ƙarfen da aka yi wa rufin zinki, goge su kawai ake yi da tsumma da ɗan mai, saboda tsamin khal ɗin da za a jiƙa sauran ƙarafa a ciki yana cinye rufin.

Ƙananan ƙarafa, kamar notuna da maƙalan gilashin sama, farin khal na girki ya wadatar da su. A wanke maiƙon jikinsu da sabulu tukuna, a nutsar da su cikin robar da khal ya sha kansu, a bar su awa 12 zuwa 24, ana dubawa lokaci-lokaci. Idan tsatsar ta yi laushi sai a dirje ta da burushin waya ko soson ƙarfe, a ɗauraye da ruwan da aka narka bekin soda a ciki domin ya kashe sauran tsamin. Wasu kan ba da shawarar ruwan asid mai ƙarfi da ake wanke tayil da shi, wanda ake kira moyat nar a nan Jidda, amma a ganina ɓarnarsa ta fi amfaninsa, don yana cin lafiyayyen ƙarfe, tururinsa kuma yana sa kayan aikin da ke kusa su yi tsatsa.

Ƙofar sulalla, wadda ita ce fuskar injin, ta fi dacewa da wankin lantarki. A cika babbar roba da ruwa, a zuba cokali ɗaya na sodar wanki a kowace lita 4. A rataya ƙofar a ciki bayan an cire makulli da wayoyi da robobinta, a maƙala mata baƙar wayar cajar batirin mota mai bolt 12, jar wayar kuma a maƙala ta a jikin wani guntun rodi da ke cikin ruwan, ba tare da su biyun sun taɓa juna ba. Da an kunna za a ga ƙananan kumfa suna tashi daga jikin ƙofar, bayan 'yan awoyi kuma ruwan zai yi ja, rodin ya yi kaca-kaca. Idan aka juya wayoyin, ƙofar ce za ta cinye. Kada a yi amfani da ƙarfen silba marar tsatsa a madadin rodi, domin yana sakin guba a ruwan, kuma a yi aikin a tsakar gida ko saman bene, saboda iskar da ke fita tana kama wuta.

Inda aikin ya fi lalacewa a Jidda shi ne bayan an gama wanki. Na taɓa barin wata ƙofa fes a saman bene da magariba, da niyyar yi mata fenti washegari, da na hau bayan sallar asuba sai na tarar raɓa ta mayar da ita ruwan goro daga sama har ƙasa. Tun daga ranar, da na ɗauraye nake busarwa da na'urar busar da gashi, musamman lunguna da ramukan sukurori, in bi da sanfefa mai laushi, in goge ƙurar, sannan in fesa fentin share fage mai hana tsatsa a cikin awa guda. Baƙin fenti yana biyo baya, shafi biyu ko uku marasa kauri, ana bari kowanne ya sha iska. Notunan da ba za a yi wa fenti ba a shafa musu ɗan mai.

Ƙafafun daidaita tsayi da ke ƙarƙashin akwatin su ne suka fi shan ruwan wanke daɓe, kuma idan zarensu ya cinye, a sayi sababbi masu awo ɗaya a shagon kayan gini.