Kurakuran da muke yi a ɗakin kwana, sannan mu ce bacci ya ƙi zuwa

Ranar da na je ganin ɗakin ƙanwata bayan an kai ta gidan miji, ɗaki kam ya yi kyau ba ƙarya. Gado ƙato ya cinye rabin ɗakin, ga wadrob mai ƙofa shida, ga madubi, kafet mai laushi har ƙafa na nutsewa, labule ninki biyu tun daga sama har ƙasa. Ban yi minti goma da zama ba na ji gumi na bin bayana, na ce mata wai ni ina tagar ɗakin nan ne? Ta yi dariya ta ce "Yaya tana bayan wadrob, masu jere sun ce babu inda zai shiga sai nan." Wata biyu ba a yi ba ta fara min ƙorafin ciwon kai da safe, bacci kuma rabi da rabi.

Mu dai haka muke, ana jera ɗaki ne don idon 'yan ganin ɗaki, wanda zai kwana a ciki shekara da shekaru kuwa babu mai tunawa da shi. Kuma abu na farko da muke kashewa iska ce. Jikin mutum sai ya ɗan huce kafin bacci mai nauyi ya ɗauke shi, shi ya sa a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri za ka ga mutum yana ta juyi har asuba. Gyaran ba kuɗi yake ci ba, a janye duk abin da ya tare taga, a sa mata raga saboda sauro, da rana a rufe a saki labule kar rana ta gasa ɗakin, bayan isha'i in waje ya fara sanyi a buɗe. In taga biyu ce suna kallon juna to ka more, in ɗaya ce a bar ƙofa a ɗan buɗe iska ta samu hanyar fita. Fanka kuma ba sanyi take ƙerawa ba, iskar da ta tarar ita take juyawa, don haka mai fankar tsaye ya ajiye ta bakin taga ta riƙa jawo ta waje. Wanda rufinsa kwano ne babu silin, gaskiya kuɗin silin ya fi kuɗin sabon gado amfani.

To amma zafi da sauƙi, shi dai hana bacci kawai yake yi. Akwai wanda ke kisa. Janareta a koridor ko a kicin ko dab da taga wai don tsoron ɓarawo, dan Allah a daina. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da kala, tana shiga jini ta tare wurin da iskar numfashi ya kamata ta zauna, mutum yana bacci ba zai ma san abin da ke faruwa ba, sau nawa muka ji an wayi gari an fasa ƙofa an tarar da iyali gaba ɗaya. Jen a waje yake zama, nesa da taga da ƙofa, bututun hayaƙin na kallon wani wajen, in ɓarawo ake tsoro a yi masa keji na ƙarfe a sa kwaɗo. Haka kaskon gawayi da hunturu, in aka shigo da shi aka rufe ƙofa ruf aka toshe ƙasanta da tsumma, iskar nan dai ita ce yake fitarwa. A ji ɗumi a fitar da shi kafin a kwanta, a ƙara bargo. Duk ranar da mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya a tare, a fita waje nan take a nufi asibiti, ba wai a tsaya neman fanadol ba.

Mata kar ku ji haushina, turaren wuta ma hayaƙi ne. Ni ma ina son sa, amma a turara da yamma a buɗe taga ya washe, ƙamshin ai ya riga ya kama labule da zanin gado, ba sai an kwana ana shaƙa ba, musamman in akwai jariri ko mai asma. Maganin sauro na kunnawa shi ma haka.

Sauron ma mafi yawanmu gidan sauro muna da shi, yana nan cikin ledarsa a saman wadrob ko an kewaye shukar lambu da shi. Masu cewa yana sa ƙaiƙayin fuska, yawanci daga leda suka ɗaura shi kai tsaye, alhali sabo ana shanya shi ne a inuwa kwana ɗaya cur kafin a fara shiga. A inuwa fa, rana na kashe maganin sauron da ke jikinsa. Wanki da sabulu mara ƙarfi, ban da omo da bilic, kuma bayan kaman shekara 3 ƙarfinsa ya tafi sai a canza. A cusa gefensa ƙarƙashin katifa, ƙofa ɗaya in ka bari sauro ɗaya ya ishe ka kiɗa a kunne har safe, ga maleriya a biyo baya.

Sai ledar katifa. Wai kar ta yi datti, shekara biyu ana kwana kan leda, ana motsi tana ƙara, gumi ba inda zai bi sai ya dawo jikinka. A cire ta, a sa shimfiɗa mai kauri ƙarƙashin zanin gado, in yaro na fitsarin kwance shi kaɗai a sa wa tasa. Zanin gado na auduga ya fi mai santsi da sheƙin nan da ake sa wa amare, a wanke duk sati, katifa da filo a riƙa fitar da su rana ana juyawa. Katifar da tsakiyarta ta zama kwari kuwa ta gama aiki, ciwon bayan nan da kake ɗora wa shekaru wataƙila ita ce.

In kuɗin cizo ya shiga, nan mutane ke haukacewa su ɗauko Sniper ko fiya-fiya su fesa a katifa su kwanta a kai. Wannan maganin ƙwarin gona ne, guba ne sosai, tun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwanni da kantuna. Kuɗin cizo zafi yake tsoro, a wanke kayan shimfiɗa da ruwan zafi a goge da dutsen guga, a kwance gadon a bi lungunan katako da ɗinkin katifa, a maimaita bayan sati ɗaya zuwa biyu saboda ƙwai na ƙyanƙyashewa. In ya fi ƙarfinku a kira masu feshi, ku kuma ku bar ɗakin sai ya sha iska.

Kafet bango zuwa bango a garin da hunturu ke shigo da ƙura ta ko'ina, ni dai ban ga riba ba, atishawa da toshewar hanci kawai. Tayil ko leda da za a goge da jiƙaƙƙen tsumma ya fi, shara da tsintsiya ƙurar take tayarwa ta dawo kan gado.

Na bar waya a ƙarshe don ni ma mai laifi ce. Duhu ne ke sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin melatonin mai kawo bacci, mu kuma ga farin ƙwan sola a kunne har safe, ga waya a fuska, "bari in kalli ɗaya kawai" a TikTok sai ga ƙarfe biyu. Babba na buƙatar awa 7 zuwa 9, wanda zai tashi asuba ya yi lissafi da kansa. Abin da ya yi min aiki shi ne na mayar da wajen caji can bakin ƙofa inda sai na taso, yara masu tsoron duhu kuma na sa musu ƙaramar fitila mai ja-ja a ƙasa. Shayi mai kauri da Nescafe da goro bayan la'asar su ma a rage, kafeyin ɗin da ke ciki bayan awa biyar rabinsa na nan a jiki, wato na wajen mai shayi ƙarfe tara yana tare da kai har tsakar dare.

Ƙanwar tawa dai daga baya mijin ya kira kafinta aka raba wadrob ɗin biyu, rabi ya koma ɗayan ɗakin, taga ta fito da ƙurarta da yanar gizo-gizo. Ciwon kai ya tafi. Gwaggonmu da ta jagoranci jeren kuwa har yau in ta je sai ta yi mitar an ɓata mata tsari.