Babi na Shida: Babban Disjankter, Kashe Shi, Kunna Shi da Kula da Shi

Darasi na 1: Mene ne shi?

Ƴan'uwa, sannunku da ƙoƙari. A babin da ya wuce mun ga ƙaramin disjankter na gida, wanda ke kusa da kwantar NIGELEC, kamfanin wuta. Yau za mu ga babban wansa. Da yawanku masu gadi ne, ko masu tsaron gurup, wato injin ba da wuta, ko yaran masu gyaran kuran a nan Tawa. Kun sha ganinsa a ɗakin wuta na asibiti, na otal, na gidan ƙanƙara ko wurin injin tura ruwa. Yana zaune cikin dogon akwatin ƙarfe da masu aiki ke kira TGBT, wato inda ake raba wuta ga dukkan gidan.

Aikinsa biyu ne. Yana kunna wuta yana kashe ta idan an umarce shi. Kuma yana yanke ta da kansa idan kaya sun yi yawa ko wayoyi sun haɗu. Lokacin da yake yankewa, wani harshen wuta yana tashi tsakanin haƙoransa na ƙarfe. A samansa akwai wasu ɗakuna masu faifan ƙarfe jere kamar haƙoran mashaci, su ke yayyanka harshen nan har ya mutu cikin iska. Shi ya sa ake ce masa disjankter na iska.

A takarda ana kiran wannan wuta "ƙaramar wuta", domin ba ta wuce bolt 1000 ba. Kada sunan ya ruɗe ku. Tsakanin layi da layi akwai bolt 380 zuwa 400, tsakanin layi da netir, wayar da wuta ke komawa ta cikinta, akwai 220 zuwa 230. Disjankter na ɗakinka yana ɗaukar amper 10 ko 16, wannan kuwa daga amper 630 har 6300 ake yinsa. Ƙaramar wuta tana kisa.

Wannan littafi ba zai maishe ka mai gyaran kuran ba. Taɓa cikin akwatin, aikin wanda aka horar ne, aka kuma ba shi izini. Amma dare da yawa kai kaɗai kake wurin, dole ka san abin da idonka ke gani.

Darasi na 2: Karanta fuskarsa

Tsaya gabansa, hannuwanka a baya. Ko Masterpact ne na Schneider, ko Emax na ABB, fuskar kusan ɗaya ce.

Akwai maɓalli biyu. Ɗaya yana da zagaye, kamar harafin O da muka koya a "omo". Ɗaya yana da sanda a tsaye, kamar harafin I. Zagaye shi ne kashewa. Sanda ita ce kunnawa. Ɗauki allonka ka rubuta O, ka ce "kashe". Rubuta I, ka ce "kunna". Yi sau biyar. Babu kunya, kowa da haka ya fara.

Kusa da su akwai ƴan tagogi biyu. Ta farko tana nuna O ko I, wato halin da yake ciki yanzu. Kada ka dogara da launi. A wasu, maɓallin kashewa ja ne, amma tagar da ke cewa an kashe kore ce. Harafin za ka karanta.

Taga ta biyu tana maganar rasor, ƙarfen nan mai naɗi da ke ciki. Ka san tarko. Sai an ɗana shi yake kamawa. Haka disjankter, sai an ɗana rasor ɗinsa zai kunnu. Akwai hannu a gaba da ake ja ƙasa ana maimaitawa, wajen sau bakwai, har ka ji ƙas, hannun ya saki. Wasu suna da ƙaramin mota a ciki da ke ɗanawa da kansa.

Wata kalma tana rikita mutane a kowane aji. Masu gyara suna cewa "an buɗe disjankter" idan an kashe wuta, "an rufe shi" idan an kunna. Mu kuwa a famfo, buɗewa ita ce sakin ruwa. Saboda haka a wurin aiki kada ka ce buɗe, kada ka ce rufe. Ka ce kashe, ka ce kunna. Idan maigidanka ya ce maka ta waya "buɗe shi", tambaye shi: "Maigida, in kashe ko in kunna?"

Darasi na 3: Kashewa kafin aiki

A nan za mu daɗe. Wanda ya gaji ya sha ruwa ya dawo.

Da farko ka sanar da masu amfani da wutar, ka kashe ƙananan disjankter da ke karɓar wuta daga gare shi. Sa safar hannu ta roba ta masu kuran, da abin kare fuska, da takalmi rufaffe. Cire zobe da agogo. Babbar riga da rawani mai jela ba na wannan ɗaki ba ne. Tsaya a gefe, danna O. Duba taga, ta nuna O?

Yawancin manyan nan suna zaune cikin gida kamar aljihun tebur, ana jawo su waje. A ƙasa akwai rami da ake sa hannun murɗawa, manibel. Matsayi uku ne: a ciki, inda yake haɗe da wuta, tsakiya, wurin gwaji, inda manyan haƙora sun rabu amma ƙananan wayoyin umarni suna haɗe, sai waje, inda komai ya rabu. Murɗa a hankali. A wasu, manibel yana tsayawa a kowane matsayi sai ka danna ɗan maɓallin saki. Idan ya ƙi, kada ka sa ƙarfi. Kai shi har waje. Sa kwaɗonka, makullin ya shiga aljihunka, ba a rataye shi a ƙusa ba. Rataya allo mai cewa "Kada a kunna, ana aiki". Idan taga ta nuna rasor a ɗane yake, yanzu da yake waje danna I sannan O, tarkon ya sauka.

To, wutar ta mutu?

A nan ne kowane aji yake ce mini "e, Malam". Ba ka sani ba tukuna. Taga ta ce O, kwaɗo yana rataye, fitilu sun mutu, amma ba ka sani ba. Ƙarafan da ke kawo wuta daga tiransfo suna nan da ransu a bayan akwatin, disjankter bai kashe su ba. Ta ɓangaren gida kuma wuta tana iya dawowa ta baya: gurup da ke tashi da kansa, faifan hasken rana da yanzu suka cika rufin gidaje a Tawa, batura, ko kwandansater masu riƙe wuta bayan an kashe. Su kwandansater a ba su aƙalla minti 5.

Abu ɗaya ne zai gaya maka gaskiya: magwajin wuta mai baki biyu, wanda ake kira VAT. Ɗan abin kwance noti mai fitila a gindi, wanda ake sayarwa a kasuwa, ba shi ba ne. Ajiye shi.

Gwaji hawa uku ne.

Hawa na ɗaya: gwada magwajin a inda ka tabbata akwai wuta. Ya yi ƙara, ya haska? To yana da lafiya.

Hawa na biyu: gwada wurin da za a yi aiki. Layuka uku ne, da netir, da wayar ƙasa. Ƙirga da yatsunka. Layi 1 da 2, 1 da 3, 2 da 3: uku ke nan. Kowane layi da netir: shida. Kowane layi da ƙasa: tara. Netir da ƙasa: goma. Yatsunka goma sun ƙare. Idan yatsa ɗaya ya rage, ka tsallake wani.

Hawa na uku: koma inda ka fara, sake gwada magwajin a wurin mai wuta.

Wannan na ukun ne kuke mantawa. Shekara da shekaru ina koyarwa, kowane aji sai na ga mutum ya gama goma, ya sa magwajin aljihu yana murmushi. Ɗan'uwa, idan magwajin ya lalace a gwaji na huɗu fa? Shirun da ya yi daga nan har goma, shirun matacce ne, ba shaidar cewa babu wuta ba. Sai ya sake yin ƙara a wurin mai wuta za ka san shirunsa gaskiya ne.

Mu maimaita tare: magwaji, wuri, magwaji. Rubuta a allo. Magwaji, wuri, magwaji. Ɗaya, goma, ɗaya, jimla 12.

Idan ka fita salla ka dawo, sake daga farko. Idan ka je shan shayi, sake. Idan abokin aikinka ya ce "na riga na gwada", ka gode masa, ka gwada da hannunka. Ko Alhaji mai wurin ne ya tsaya a kanka yana cewa ƙanƙara na narkewa, ka ce, "Alhaji, a yi haƙuri, minti biyu ne."

Ina faɗa da zafi domin na gani. Wani ɗalibina, mai hankali, mai iyali, ya kashe, ya jawo, ya sa kwaɗo, duk daidai. Bai gwada ba. Gurup ɗin wurin ya tashi da kansa, wuta ta dawo ta baya. Allah ya yi da sauran kwana, amma hannunsa na dama bai ƙara riƙe alƙalami ba, shi da ya fara rubuta sunansa a ajin nan. Don Allah ku daina yi mini "na gane, Malam" alhali ba ku yi ba. Wanda bai nuna mini hawa ukun nan da hannunsa ranar Asabar ba, ba zai wuce zuwa darasi na 4 ba.

Bayan gwaji, inda wuta ke iya dawowa, mai gyara zai haɗa layukan da wayar ƙasa kafin a taɓa.

Aiki: cike gurbi. Magwaji, ______, ______. Gwaji nawa ake yi a wurin aiki? ____

Darasi na 4: Kunnawa

Ƙirga kayan aikinka, kada a bar ko noti ɗaya a ciki. A cire wayar ƙasa da aka haɗa. Mayar da murafe. Kira sunan kowa, ka gan shi da idonka a waje. Cire kwaɗo. Taga ta nuna O kafin ka fara murɗawa. Kai shi tsakiya, ɗana, danna I, danna O, ka ji yana aiki lafiya. Sannan kai shi ciki har ƙarshe, kada ka bar shi rabi. Ɗana, tsaya a gefe, kau da fuska, danna I. Ƙarar tana da ƙarfi, kada ka firgita. Sai ka kunna ƙananan ɗaya bayan ɗaya.

Idan ka danna I ya ƙi, duba: an ɗana? Wutar NIGELEC ta dawo? Wasu suna da abin da ke hana su kunnuwa idan babu wuta a layi, wasu kuma an ɗaure su da na gurup don kada biyun su kunnu tare. Kada ka cusa ƙarfe ka tilasta.

Kuma in ka tuna wani abu a ciki bayan ka cire kwaɗo, komawa darasi na 3 za ka yi. Magwaji, wuri, magwaji.

Darasi na 5: Idan ya faɗi da kansa

Wani ɗan jan maɓalli zai fito waje. Kada ka tura shi ka kunna nan take. Disjankter ba ya faɗuwa banza. Shaƙa, akwai ƙauri? Duba fitilar da ta kama a ƙwaƙwalwarsa, ɗan akwatin saiti da ke fuskarsa, ka kwafi harafin a littafi. Ir na nufin kaya sun yi yawa. Isd ko Ii na nufin wayoyi sun haɗu, wannan kira mai gyara kawai.

Ga ɗan lissafi. Idan an rubuta In 1000 A, wato amper da aka yi shi ya ɗauka, kuma an saita Ir, iyakar kayan da zai bari su wuce, a 0,8, to 1000 sau 0,8 ya ba da amper 800. Injiniya ne ya zaɓi wannan daidai da kaurin wayoyin. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ya wuce digiri 40 kuma kowa ya kunna na'urar sanyi, sai wasu su murɗa Ir sama don ya daina faɗuwa. Wayoyin ne za su ƙone. Rage kaya.

Darasi na 6: Girkawa

Aikin ƙwararru ne, kai mai taimako ne. Manyan sun kai nauyin buhun gero, wasu ma sun fi, a ɗaga da abin ɗagawa ko mutane da yawa, ta wurin riƙonsa. A ɗaure notin ƙarafa da maɗauri mai awo, gwargwadon takardar kamfani, domin sako-sako yana kawo zafi. Kada a toshe samansa ko ramukan iska. A gwada shi a matsayin tsakiya kafin a ba shi wuta.

Darasi na 7: Kulawa

Aƙalla sau ɗaya a shekara, bayan ƙurar hunturu. A yi darasi na 3 tukuna. A zuƙe ƙura, a goge da busasshen ƙyalle, ban da ruwa, ban da gazuwal. Mai gyara ya duba haƙora da ɗakunan kashe harshen wuta, ya sa man da kamfani ya ce. A toshe ramukan da ɓera da ƙadangare ke bi. A kashe a kunna shi ko sau ɗaya, don kada ya ƙage. Rubuta ranar a littafi.

Aiki: rubuta ranar yau da lambobi.